Ranar da Baba Tafasa Ya Dafa Ƙasa

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Shekara talatin da ɗaya ya yi a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya a bayan ɗakin tiyata na asibiti, shi da wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, yana tafasa almakasai da wuƙaƙe da duk wani ƙarfe da zai shiga jikin ɗan'adam. Tun yana da baƙin gashi ake ce masa Tafasa, da furfura ta fito aka ƙara masa Baba a gaba. Ƙa'idarsa minti talatin, agogo a hannu, ko likita na buga ƙofa. Yakan ce abin da ido bai gani ba shi ke kisa, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa samun ɗinkin da ya yi ruwa saboda kayan da suka fito daga hannunsa ba. Wannan gaskiya ce, ko maƙiyinsa bai musa ba.

Matsalar ita ce bai taɓa barin aikin a wurin aiki ba. A gida ya tafasa cokula, ya tafasa mabuɗan ƙofa, ya tafasa matajin matarsa na roba har ya naɗe. Ya taɓa tafasa tabaraunsa, ya yi wata guda yana ganin duniya a karkace, bai kuma yarda laifin tukunya ne ba, ya ce masu yin tabarau na zamani ne ba su da amana.

Matarsa, wadda duk unguwa ke kira Inna, ita kuma Allah bai halicce ta da sanin yadda ake zubar da abu ba. Gwangwanin madara, murfin kwalba, tsohuwar leda, igiyar da ta tsinke, duk suna da masauki a bayan ɗakinta. Zaman aurensu na shekara arba'in a kan haka ya tafi. Abin da ya jefar ta ƙofar gida da safe, kafin la'asar ya dawo ta ƙofar baya, an wanke shi an kife. In ya ce a zubar da abu, takan ce, "To, Malam." Shi kaɗai ne a gidan bai gane ba har yau cewa wannan "to" ɗin ba ta taɓa nufin i ba.

Akwai abu guda da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Watan da ya fara aiki ya je gaida mahaifinsa a gona. Tsoho ya ajiye fartanya ya miƙo hannu duk ƙasa, suka gaisa. Tafasa ya zagaya bayan bukka ya ciro sabulu daga aljihu ya wanke hannunsa sau biyu, yana tsammanin ba a gan shi ba. Ashe an gan shi. Daga ranar har Tsoho ya koma ga Allah, in za su gaisa, wuyan hannu yake miƙo masa. Ba a taɓa yin maganar ba. A hankali duk dangi suka koyi miƙa masa wuyan hannu, abin ya zama kamar raha, shi kaɗai yake jin cizonsa.

Da ya yi ritaya sai ya ce gonar Tsoho zai koma. To amma gonar ba ta jira shi ba. Shekara da shekaru ana ba ta ruwan wata rijiya mai ɗanɗanon gishiri, ruwan ya ƙafe ya bar gishirin, har fuskar ƙasar ta yi fari fat, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Ko ciyawa sai mai taurin kai. Gonar kuwa ta mutum biyu ce, shi da ƙaninsa Auta, direban babbar mota, wanda masu buga bulo suka daɗe suna bi don a sayar musu da filin.

"Yaya, gonar nan ta mutu," in ji Auta. "Kai kuma ko tukunyar fure ba ka taɓa rayawa ba."

"Ka ba ni rani ɗaya."

"Na ba ka. Kwandon Tsoho yana nan rataye a bukka. In ka cika shi da tumatir daga gonar nan, na bar maganar. In bai cika ba, ka sa hannu a takarda, kada kuma a ce na yi wa yayana rashin kunya."

Suka rabu a kan haka, Auta ya miƙo wuyan hannu.

Malamar gona daga ofishin noma ta zo a kan babur, yarinya ce sa'ar 'yarsa ta uku, da takalmin roba har gwiwa. Ta ɗebi ƙasa nan da can, ta auna, ta girgiza kai, amma ba ta ce a haƙura ba. Ta sa aka haƙa magudana a gefen gangare, aka rufe tsohuwar rijiyar, aka jawo ruwan daɗi daga babbar hanyar ruwa aka wanke filin sau uku, aka zuba takin shanu. Baba Tafasa ya ji daɗin wannan sashe ƙwarai, don duk abin da aka ce wanki ne ya fahimce shi. Sai a mako na huɗu ta sauke wani buhu daga bayan babur.

"Baba, wannan ba taki ba ne, ba kuma magani ba ne. Ƙasa ce mai rai."

"Mai rai kamar yaya?"

"Akwai wata irin fumfuna a cikinta, haɗe da guntayen saiwa."

Ya ja da baya taku ɗaya. "Fumfuna dai da na sani? Wadda ke fitowa a jikin burodi?"

"Danginta ce, amma ba halinsu ɗaya ba. Ai kowane gida akwai na kirki." Ta buɗe bakin buhun ta damƙo da hannu, shi kuwa ya kau da kai. "In ka dasa tumatir, ka zuba cikin tafi ɗaya a ramin, ta taɓa saiwar. Ita fumfunar sai ta shige cikin saiwa ta zauna, ta miƙa wasu zarurruka da suka fi gashi siriri zuwa inda saiwar ba ta kaiwa, tana jawo mata ruwa da abinci. Shukar kuma tana ciyar da ita. Ba za ta kwashe gishirin ba, kada in yi maka ƙarya. Taya shukar jurewa take yi, don gishirin da ya rage kada ya fi ƙarfinta."

"A cikin saiwar take zama," in ji shi a hankali.

"A ciki. Ka ajiye buhun a inuwa, kada rana ta buge shi, kada kuma maganin feshi ya kusance shi. Shi ke nan ya rage mana a ofis, sai kuma baɗi."

Ba ta ce kada a dafa ba. Shekararta shida tana raba buhunan nan, ba ta taɓa haɗuwa da wanda ke buƙatar a gaya masa haka ba.

Kada a ɗauka ya raina iliminta. Kwana biyu yana zagaya buhun yana tunani, kuma tunanin nasa a tsare yake. Inda na kirki suke, na banza ma suna nan, wa ya tantance su? Saiwa kuwa cikin shuka ce, kamar yadda hanji yake cikin mutum, shi kuma a rayuwarsa bai taɓa barin wani abu ya shiga cikin mai rai ba tare da ya bi ta tukunya ba. Game da amfanin da ke cikin ƙasar kuwa, almakashi ya taɓa daina yanka don an tafasa shi? Da ya zo nan a tunaninsa sai ya ji zuciyarsa ta yi sanyi, har ya ɗan tausaya wa malamar, yarinya mai ƙoƙari, saura dai gogewa.

Da hantsi ya kafa rabin duro a kan duwatsu uku a tsakar gida, ya zuba ruwa a ƙasa, ya ɗora rariya, ya juye ƙasar a kai, ya rufe da faifan ƙarfe, ya danne da dutse. Inna ta fito da tsintsiya ta tsaya tana kallon tururi.

"Malam, baƙi za mu yi?"

"Aiki nake."

"Na ga tukunyar da girma. In sa gishiri, ko na gonar ya isa?"

Bai kula ta ba, idonsa na kan agogo. Minti talatin cif ya sauke. Ƙasar ta fito da zafinta, ba wari ba ƙamshi, ya baza ta a kan tabarmar da ya riga ya wanke, ya dube ta da irin kallon da yake yi wa tiren almakasai in zai miƙa wa likita. Sai dai duron bai ɗauke duka ba, wajen kwano biyu sun rage a gindin buhu, itace kuma ya ƙare.

"Wannan ɗanyen, ki zubar da shi. Har buhun. Nesa da gida."

"To, Malam."

Dama Inna ta rena 'yan dashenta a gwangwanayen madara, ta dame shi sai ya ba ta wuri a gonar. Ya yanka mata kunya biyu a can kusurwar gangare, inda farin ya fi yawa, inda ya tabbata ba abin da zai yi, don kada ta ɓata masa layi. Ranar dashe ya sa safar hannu, ya ja igiya, ya auna tazarar kowane rami da sanda, yana zuba dafaffiyar ƙasa da cokalin da ya sha tafasa. Ita kuwa tana can tsugune, kunyoyinta a karkace, tana cusa hannu cikin wani buhu da ya yi masa kama da wanda ya sani. Bai tambaya ba, don buhuna a wurin Inna ba su ƙirguwa.

Mako uku ba a ga bambanci ba. A na biyar aka fara gani, a na bakwai kuwa ko makaho ya shafa ya ji. Tumatirin Baba Tafasa bai mutu ba, wankin filin ya yi masa rana, amma ya tsaya cak a tsawon taƙi ɗaya da rabi, bakin ganyen ya ƙone, furen na fitowa yana zubewa. Layukan dai a miƙe suke, ba a taɓa ganin shukar da ta sha wahala cikin tsari irin wannan ba. Can kusurwa kuwa na Inna ya yi duhu, ya kai gwiwa, har ta fara kafa masa sanduna tana ɗaurewa da igiyoyin da ya zubar tun bara.

Ya ce inuwar bukka ce. Aka nuna masa inuwar ba ta kaiwa can. Ya ce iri ne. Inna ta tuna masa daga takarda ɗaya suka ɗiba. Daga nan ya daina bayani, ya koma zuwa gona tun da sassafe yana tsayawa a kan shukarsa, hannu a baya. Tsoro ya kama shi sosai. A ransa yana ganin injin bulo a daidai inda Tsoho ke zama ya huta, kuma da sa hannunsa a takardar.

Malamar gona ta fi shi ruɗewa. Ta zagaya, ta sake auna ƙasa, ta tambayi ruwa, ta tambayi feshi. A ƙarshe ta tuge shuka ɗaya a nasa, ɗaya a na Inna, ta tafi da su ɗakin bincike. Bayan kwana huɗu ta dawo ta same su su biyu a gona, ta buɗe wayarta.

"Wannan saiwar Inna ce a ƙarƙashin madubin likita. Kun ga zarurrukan nan masu shuɗi? Rini muka sa don su fito. Fumfunar ce, ta cika saiwar maƙil." Ta shafa wayar. "Wannan kuma taka ce, Baba. Babu ko ɗaya. Ko ƙasar bakin hanya akan samu ɗan wani abu. Ni tunda nake ban taɓa ganin saiwa mai tsabta irin wannan ba."

Shekara talatin da ɗaya ba wasa ba ce. Kafin hankalinsa ya iso, ƙirjinsa ya riga ya buɗe, bakinsa ya riga ya amsa.

"Minti talatin," in ji shi.

"Minti talatin na me?"

Inna ta duƙa tana gyara wata igiya da ba ta kwance ba.

"A kan tururi," ya ƙarasa, muryar ta sauka.

Malamar ta dube shi, ta dubi Inna, ta nemi kan kunya ta zauna. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani, ta cije leɓe, ta rufe fuska da gyale, amma kafaɗunta suka tona ta. Da ta samu numfashi ta share ido ta ce, "Baba, ka yafe ni. Laifina ne, daga yau zan riƙa faɗa. To ke Inna, ina kika samu taki?"

"Wanda aka ce in zubar ne. Na zubar da shi a rami, ɗaya bayan ɗaya."

Baba Tafasa bai yi dariya ba. Ya tambaya ko akwai wani buhun, malamar ta ce babu sai baɗi, kuma ko da akwai, shukarsa ta riga ta tsufa a wahala. Amma ta ce abu mai rai yana haihuwa. In an gama ɗiban tumatirin Inna, a bar saiwoyin a ƙasa, a shuka masara a wurin, bayan wata uku a tone, a daddatse saiwar a cakuɗa da ƙasar. Kunya biyun nan za su iya ba gonar duka iri.

"Wata uku," in ji shi. Auta kuwa saura mako uku ya dawo.

Ranar da aka yi alkawari Auta ya zo da tef ɗin awo a aljihun riga, ya bar mai bulo a mota a bakin hanya. Aka sauko da kwandon Tsoho. Inna ta tsinke duk wanda ya nuna a kunyoyinta, aka bi layukan Baba Tafasa kaf aka samo goma sha ɗaya, ƙanana, masu taurin fata. Aka zuba, aka girgiza, aka sake jerawa. Saura kamar yatsa huɗu kwandon ya cika. Inna ta matso da wasu tsummoki a ƙugunta, ta ce a bari ta shimfiɗa a gindin kwandon don kada tumatirin ya fashe.

"A'a," in ji Baba Tafasa. "Bai cika ba."

Auta bai zaci za a sauƙaƙa masa haka ba. Ya dubi layukan da suka ƙone, ya dubi kusurwar. "Amma nan wurin ko zamanin Tsoho ya daina yi. Me aka sa masa?"

"Abin da ban dafa ba."

Ya ba shi labarin tun daga buhu har duro, bai rage komai ba, har maganar almakashi. Auta ya yi dariya har ya dafa bukka. Da ya lafa sai ya ce, "To Yaya, alkawari dai alkawari ne."

"Na sani. Zo ka ga abin da za ka sayar, kafin ka auna."

Suka taka zuwa kusurwar. Baba Tafasa ya durƙusa a gindin wata shuka, gwiwoyinsa suna ƙara. Yana so ya nuna wa ƙaninsa saiwar, amma safar robar da ke hannunsa ta hana shi jin inda take, yana tsoron ya tsinke ta. Ya cire safar ya ajiye. Ya tura yatsunsa cikin ƙasar, mai sanyi, mai laushi, ya ɗago cikin tafi guda da 'yan fararen saiwoyi a ciki. Ya buɗe baki zai yi bayanin zarurruka, sai ƙamshin ya iso hancinsa. Bayanin ya tsaya.

Ya san wannan ƙamshin. Shi ne wanda ya wanke da sabulu sau biyu a bayan bukkar nan, shekara talatin da wani abu da suka wuce.

"Shinshina," ya ce wa Auta.

Auta ya sunkuyo da dariyarsa a fuska, ya shaƙa. Dariyar ta tafi. Ya daɗe a sunkuye.

"Hannun Tsoho," in ji shi.

"Tana da rai, Auta. Ni ne na kashe tawa, ba gonar ce ta mutu ba. In ka ce in sa hannu zan sa, ban cika kwando ba."

Auta ya miƙe ya juya baya, ya yi kamar yana duba magudana. Can ya ciro tef ɗin daga aljihu, ya jujjuya shi, ya miƙa wa Inna, ya ce ta ajiye masa, ya san a wurinta ba zai ɓata ba. "Baɗi war haka zan dawo da kwandon nan," ya ce. "Amma Inna ce shugabar gona. Kai kuma a raba ka da ashana."

Ya miƙo wuyan hannu yadda aka saba. Baba Tafasa ya kauce wa wuyan, ya kama tafin da hannunsa mai ƙasa, ya riƙe sosai, har Auta ya rasa inda zai sa idonsa.

Da motar ta tashi, Inna ta zo da buta da sabulu, kamar yadda take yi duk ranar Allah in ya taɓa wani abu. Ta karkata butar tana jira. Yana zaune a kan kunya, hannun a kan gwiwa, ƙasar ta fara bushewa a tsakanin yatsunsa.

"Malam, ruwa."

"Bari tukuna," in ji shi.